Jingar Suruki

Shekarun da gyaɗa ta yi daraja, bayan jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Malam Maduri, Haɗejiya ta cika ta batse. Mutum zai taso daga Kafin Hausa da jakinsa don sayar da gero, ya ga gari, ya ƙi komawa. Wani ya zo daga Birniwa gaida ɗan'uwa, kafin ka ankara ya aika a kawo masa iyali. Cikin ganuwa babu inda za ka kafa ko rumfa, sai aka riƙa gangarawa wajen kogi, inda fili yake zaune babu mai so, saboda kowa ya san ruwa ne mai shi. A nan Unguwar Gabaruwa ta tsiro, gida na manne da gida.

Kowace damina kuwa mai fili sai ya zo duba kayansa. Ruwa ya shigo ya kwantar da katangu, ya jiƙa rumbuna, ya bar sauro da zazzaɓi, mutane su gudu cikin gari su cika zaurukan 'yan'uwa. Da kaka kuma su koma su sake gini a daidai inda ya rushe. Di'o, Baturen mulki, wanda ake kira Mai Lema don ba a taɓa ganinsa babu ita ba, ya gaji da wannan wasa. Ya aiko ta bakin hakimi cewa a yi jinga tsakanin unguwa da kogi. In ruwa ya sake shiga bana, za a tashi unguwar dungurungum a mai da ita wani tudu can arewa da gari, inda rijiya take da zurfin da guga ke gajiya kafin ya taɓa ruwa.

Nauyin ya faɗa kan Gwadabe, mai unguwa. Shi ne ya fara kafa zana a wurin tun babu kowa sai gabaruwa da kwaɗi, a nan ya binne mahaifiyarsa, kuma ya rantse ba zai ga an tashi unguwar da ransa ba. Mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, muryarsa kuma in ya ɗaga ta har masu kwalekwale a tsallake suna ji.

Tun da bazara ya tara magidanta ya raba aikin. Aka kafa turaku, kowane gida da rabonsa, bi da bi yadda gidajen suke jere. Kowa ya ce madalla. Aka fito da kwanduna da fartanya da diga, aka yi ta jidar laka, har abin ya ba shi sha'awa. Sai ranar da ya hau yana zagayawa, ya ga abin da ya sa ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Kowane magidanci ya gina nasa tsaf, ya daɓe, ya shafe. Amma da ya iso turken maƙwabcinsa sai ya tsaya, ya bar 'yar rariya a tsakani, kamar yadda ake barin iyaka tsakanin gona da gona. Jingar ta zama kamar haƙoran mai wushirya tun daga farko har ƙarshe. Da Gwadabe ya tambaya, amsar ɗaya ce a bakin kowa: in an haɗe, ranar da ta fashe yaya za a san rabon wa ne ya fashe? Wani ma har ya dasa gamba a tasa iyakar, don kada jikoki su yi rigima.

"Ruwan nan zai tsaya ne ya tambayi rabon wa zai bi?" in ji Gwadabe.

Babu wanda ya motsa. Sai da ya bi su gida gida, wani da lallashi, wani da barazanar hakimi, wani da gorin abin da ubansa ya yi a Guri tun kafin a haife shi, sannan aka fara toshewa. Yana cikin wannan ya kama Gana masunci yana fafe ƙofa a gindin rabonsa. Gana ya yi masa bayani cikin natsuwa, cewa 'yar ƙarama ce, daidai bakin malinsa, tarkon kifi, kawai, don in ruwa ya zo kifin da zai biyo shi kada ya tafi a banza. Bayan shi kuma ga Baƙo magini, wanda ya gano lakar jinga ta fi kowace laka kyan tubali, tunda an riga an cuɗa masa ita. Gwadabe ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, ya koma yi da hannu.

Duk wannan mai sauƙi ne, don mutanen da zai iya yi wa tsawa ne. Da ruwan farko ya sauka an toshe kowace iyaka, saura guda. Ita ce wadda ke tsakanin rabon Gwadabe da na gidan da ke jikin nasa, gidan Malam Usman, mahaifin matarsa Barira.

Malam Usman mutumin Guri ne. A ƙuruciyarsa babu wanda ya kai shi iya jingar shinkafa a fadamarsu, har daga wasu garuruwa ake zuwa kiransa. Yanzu ya tsufa, baya ya ranƙwafa, ɗansa namiji ɗaya ya tafi Nguru bai cika waiwaye ba. Ranar rabon aiki an so a tsallake gidansa, ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi bai mutu ba tukuna. Kullum da hantsi zai fito da wani ɗan kwando da bai fi na tallan goro ba, ya ɗebo laka, ya zuba, ya taka da ƙafa, ya zauna ya huta. Rabonsa bai wuce ƙugun mutum ba, alhali na kowa ya kai kafaɗa. Kuma a nan ne ƙasa ta fi gangare, inda ruwa ya saba fara shigowa.

Gwadabe ya gani tun ranar farko. Amma me zai ce? Tun da ya auri Barira bai taɓa haɗa ido da tsohon ba. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya tsuguna, ko ya sake lungu. Bai taɓa cin abinci a inda yake ba, bai taɓa kiran sunansa ba, har wani yaron maƙwabta mai suna Usman sai dai ya ce masa Mai Sunan Baba. In tsohon ya fito aiki, Gwadabe ba ya iya tuɓe riga ya yi nasa, sai ya jira ya shiga gida. Shi ma Malam Usman in ya ga surukinsa a kan jinga sai ya juya, kamar ya manta wani abu. Haka suka yi ta kauce wa juna da ladabi, rariyar da ke tsakaninsu tana nan buɗe.

Ya fara da Barira. Ya ce ta je ta gaya wa Baba ya bari a taya shi. Ta dube shi kamar ya ce ta hau rimi.

"Malam, ka manta ni 'yar fari ce? Ko sunana ba ya faɗa. Da wane bakin zan ce masa aikinsa bai kai ba?"

Ya ce ba haka za ta faɗa ba, ta zagaya. Ta dama fura ta kai. Ta dawo ya tare ta a zaure yana tambaya, ta ce ta gaishe shi, ya amsa, ya ce furar ta yi. Gwadabe ya tambaya, sai kuma me? Ta ce sai ta ɗauko ƙwaryarta.

Ya tafi wajen liman. Liman ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a bar masa. Ya je ya zauna da tsohon tun bayan la'asar har rana ta yi ja, ya kawo zancen falalar taimakon juna, ya kawo zancen hutun da Allah ya halatta wa dattijo. Malam Usman ya saurara har ƙarshe, ya gane sarai inda aka dosa. Ya ce ya gode, amma ranar da wani hannu ya taɓa rabonsa, ranar ce za a san ya zama kayan ɗaki. Ya ce jinga ba tsawo ba ce, daɓe ce, kuma yaran yanzu ba su san daɓe ba. Liman ya dawo da goro a kunci yana cewa gaskiya dattijon yana da hujja.

Abin ya ishi Gwadabe. Ya sami wasu magidanta ya roƙe su, ranar Juma'a da tsohon ya shiga gari tun da wuri don samun sahun gaba, suka yi maza suka jibga laka a kan rabonsa, suka toshe iyakar, suka daɓe. Ranar Gwadabe ya ci tuwo har da ƙari.

Washegari da hantsi ya leƙa ta kan katanga, ya ga surukinsa da ɗan kwandonsa yana kwasar sabuwar lakar, yana hawa da ita da ƙyar, yana zubawa a kan rabon Gwadabe. Ya ɗauki yini yana yi, ya kwana, ya ci gaba. Wanda duk ya tambaye shi sai ya ce ƙasar Mai unguwa ce ta zubo cikin nasa, shi kuwa ba ya cin haƙƙin suruki. Bai bari ba sai da ya mai da rabonsa daidai yadda ya bar shi, ya sake buɗe iyakar, har ya share ta da tsintsiya.

Gwadabe ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine yana kallon azara. Takaici ya hana shi ko tsaki. Da ya koma wajen mutanen nan su sake, suka ce a'a, sun yi sau ɗaya don girmansa, amma su ba za su shiga tsakanin mutum da surukinsa ba. Baƙo magini har da ba shi shawara ya yi haƙuri, manya sai da lallashi. Wannan Baƙon da gidansa ke can ƙasan gangare, wanda in ruwa ya shigo shi zai fara yi wa sallama.

Marka ta kankama. Masu kwalekwale da ke gangarowa daga yamma suka fara kawo labarin cewa kogi ya cika a Ringim, yana tafe. Ruwan Haɗejiya haka yake, ba sai an yi hadari a kanka ba. Ruwan da aka yi a ƙasar Kano ne yake tattakowa a hankali, ya iso maka rana tsaka sama tana fes. Kullum da safe Gwadabe zai je ya duba, ya ga fadama ta ƙara cika, ciyawar da ya gani jiya ta nutse. Ya daina barcin kirki, ya rame, ya riƙa yi wa awaki faɗa a tsakar gida.

Ranar da abin ya zo, hantsi ne, rana tana dukan ƙeya. Gana ne ya rugo ya ce ruwa ya kama jinga. Kafin Gwadabe ya isa unguwa duk ta fito. Ko'ina jingar ta riƙe, ruwan yana can ƙasa da bakinta. A rabon Malam Usman kuwa saura kaɗan ya haura, kuma ya riga ya sami iyakar, yana bi ta ciki ja wur, yana cin gefe da gefe. Rariyar da a da ƙafa ɗaya ke rufe ta, yanzu jaki zai wuce.

Tsohon yana tsaye a tsakiyarta, ruwa har gwiwa, da ɗan kwandonsa. Ya zuba laka, ruwa ya tafi da ita. Ya juya ya ɗebo wata.

Maza sun cika kwanduna sun jeru, wasu da buhunan gyaɗa cike da ƙasa, wasu da kirare. Amma babu wanda ya taka gaba. Duk sun tsaya bayan Gwadabe suna kallon ƙeyarsa, saboda rabon na surukinsa ne, kuma mai rabon yana ciki.

Gwadabe ya cire takalmi. Ya tsuguna a cikin taɓo, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar kwanan iyali. Tsohon ya amsa bai juyo ba.

"Baba, da an ɗan hau sama an huta."

"Yanzu zan gama, Mai unguwa."

Wani gefen rabon ya zabtare ya faɗa. Ruwan ya kai wa tsohon cinya, ya yi tangal-tangal ya dafe laka. A bayan jinga ruwa ya riga ya miƙe cikin lungu, yana doshin gidan Baƙo, mata sun fara fito da tukwane a ka. Gwadabe ya sake cewa a yi haƙuri a hau. Tsohon ya ce ya ji, ya sunkuya ya sake cika kwando.

Gwadabe ya miƙe. Muryar nan da ta dishe tun bazara, ban san inda ya samo ta ba.

"Usman! Fito daga nan. Aikinka bai yi ba, ka tsufa, za ka kashe mana unguwa."

Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. Gwadabe ya faɗa cikin rariyar, ya fizge kwandon ya jefar, ya ɗauki surukinsa cak kamar yaro ya ɗora a kan jinga. A karo na farko suka haɗa ido. Malam Usman ya gyara bakin wandonsa da ya jiƙe, ya sauka ta ɗaya gefen, ya bi lungu ya shige gida, mutane suna buɗa masa hanya.

Sai a lokacin kwandunan suka motsa. Aka kafa kirare, aka jera buhuna, aka yi ta zuba laka ana takawa, Gwadabe yana cikin ruwa har ƙirji yana zagin duk wanda ya yi sanyin jiki. Kafin azahar an toshe. Kafin la'asar rabon ya kai na kowa tsawo. Ruwa ya yi kwanaki yana jingine da jingar, ya gaji, ya fara ja da baya. Abin da ya shiga unguwa bai wuce wanda ya jiƙa zauren Baƙo ba.

Mai Lema ya zo da hakimi ya taka jingar daga wannan kai zuwa wancan, ya soka sandarsa nan da can, ya ce ta yi. Unguwar Gabaruwa ta zauna.

To, sai ka ce za a gode wa mutum. Ina. A bakin rijiya, a majalisar ƙofar masallaci, a kasuwar kifi, zance ɗaya ake yi, wai Gwadabe ya kira sunan surukinsa gatsal a gaban mata da yara, ya ce masa ya tsufa, ya ɗauke shi kamar buhu. Waɗanda suka tsaya riƙe da kwanduna suna jiran wani ya yi abin da su ba za su iya ba, su ne suka fi kowa mamaki. Baƙo, wanda katangarsa ke tsaye saboda wannan tsawar, ya ce shi dai a gidansu ba a yi masa irin wannan tarbiyya ba. Gana ya ce da an bar shi ya yi 'yar ƙofarsa, da ruwan ya sami hanya, da ba a kai ga haka ba. In Gwadabe ya doso majalisa sai a yi shiru, a amsa sallamarsa a gajarce.

Wannan bai dame shi ba kamar shirun cikin gida. Barira ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi yaji ba. Tana dafa abinci ta ajiye, ta ce ga shi, ta koma ɗaki. Da ya ce mata ai ta ga yadda ruwan yake, ta ce ta gani.

Ruwa bai gama janyewa ba Malam Usman ya nemi jakai. Ya kwashe 'yan komatsansa, ya cire ƙyauren ɗakinsa da azara, ya tafi tudun nan na arewa da aka so mai da unguwar, inda babu kowa sai sabara. Ya kafa bukka shi kaɗai. Kullum da rana Barira takan ɗauki akushi ta ratsa gari ta kai masa, ta ɗebo masa ruwa a wannan rijiya mai zurfi, ta dawo ƙafafunta sun yi futu-futu.

Gwadabe ya daure har aka fara girbin shinkafa, ya kasa. Ya sayi ƙwaryar goro, ya ɗauki liman, suka tafi. Tun daga nesa ya cire takalmi, ƙaya tana sukarsa bai kula ba. Suka tarar da tsohon a inuwar bukka yana tufka igiya. Gwadabe ya tsuguna can gefe. Liman ya yi dogon bayani, ya ce ɓacin rai ne da tsoro, ya ce ga yaro ya zo neman gafara, ɗaki yana nan, a koma gida.

Malam Usman ya ajiye igiyar. Bai dubi surukinsa ba, liman ya duba.

"Ku gaya wa Mai unguwa babu abin da zan yafe, don bai yi laifi ba. Aikin bai yi ba, na sani tun kafin ya faɗa. Da ni ne a matsayinsa, da tun bazara na faɗa. Amma duk wanda zan gaisa da shi a unguwar nan yana wurin, ya ji. Ba zan iya zama a cikinsu ba."

Ya ɗauki goro ɗaya daga ƙwaryar, ya tura sauran gaban liman, ya koma kan igiyarsa.

Gwadabe yana da amsa. Tun daga gida ya shirya ta, ya maimaita ta a hanya, tana nan a bakinsa. Ya ɗago zai yi magana, ya tuna a gaban wanda yake, ya mai da kansa ƙasa.